Dokar Ganyen Kuka

A shekarar da Rambawa suka kewaye Birnin Dargai, damina ta sauka mutane na kallon gonakinsu ta saman ganuwa, babu mai ikon fita ya jefa ko ƙwayar gero ɗaya a ƙasa. Sarkin Rambai, Cindo, ya iso tun rani, ya kafa sansani a bakin kowace ƙofa, ya miƙe ƙafa abinsa. Bai matsa da hari ba, don ya san yunwa za ta yi masa yaƙin in ya yi haƙuri.

Sarkin Dargai a wannan zamani shi ne Tunau. Ba mugu ba ne, kada a ɗora masa abin da ba halinsa ba. Aibinsa ɗaya, duk wanda ya yi magana a ƙarshe shi ne mai gaskiya a wurinsa. Galadima Barmo ya daɗe da gane haka, saboda haka a majalisa ba ya buɗe baki sai kowa ya gama. Shi ne kuma ya tsaya tsayin daka aka naɗa Tunau, kuma bai taɓa bari Sarki ya manta ba.

Tun farkon kewayen, Galadima ya kawo shawara aka yi sabuwar doka, aka kira ta dokar yaƙi. Duk wanda ɗan majalisa ya tuhuma da haɗa baki da abokan gaba, a miƙa shi ga hauni ya sare masa kai a ranar, ba zaman shari'a, ba kiran shaidu. Alƙalin birni, Malam Ukashatu, ya yi gardama kaɗan, sannan ya amince, don a lokacin kowa tsoro ya cika masa ciki, shi ma bai fi kowa ba. Ya lallashi kansa da cewa doka ce ta 'yan kwanaki, da an kori Rambawa za a naɗe ta a ajiye.

Abu ɗaya ne dokar ba ta iya taɓawa ba, wato Kukar Tsari. Wata tsohuwar kuka ce a filin da ke gaban fada, rassanta sun bazu har kasuwa guda za ta ci a ƙarƙashinta. Kakan Dargawa da kakan Rambawa wa da ƙani ne, kuma a gindinta suka raba ƙasa, suka rantse cewa duk wanda ƙafarsa ke cikin inuwarta ba a kama shi, ba a zub da jininsa, sai an ga sabon wata an yi masa shari'a a fili kowa na ji. Inuwar ce tsarin, ba itacen ba. Hawa bisa ba ya ceton mutum, sai ƙafa a ƙasa, a cikin inuwa. In rana ta faɗi, ko hadari ya rufe ta, ba a taɓa kowa a filin sai ta sake fitowa. Alƙali ne kaɗai ke da ikon duba ƙasa ya ce rana ta taɓa mutum. An yi ta yaƙi tsakanin biranen biyu tun kaka da kakanni, amma wannan rantsuwa babu ɓangaren da ya taɓa karya ta.

Wata safiya aka ga Sarkin Baka Anaruwa, shugaban 'yan bakan da ke tsare da ƙofar gabas, ya sheƙo a guje ba rawani, dogarai na bin sa. Ya faɗa inuwar kuka, dogarai suka yi cirko-cirko a bakinta. Kafin hantsi labari ya gama gari, wai Galadima ya tuhume shi da sayar da ƙofa.

Alƙali Ukashatu ya zo da sandarsa, ya same shi zaune ya jingina da gindin kuka yana haki.

Ya ce, "Sarkin Baka, me ya kawo ka nan?"

Anaruwa ya ce, "Allah gafarta Malam, idona ne ya jawo mini. Da asuba ina zagaya badalar ganuwa na ga an zura igiya ta bayan ganuwa, wani na hawowa daga wajen sansanin Rambawa. Muka riƙe shi, ashe bawan Galadima ne, wanda ke riƙe masa takalmi. Ya fizge ya tsere. Na ce bari gari ya waye in kai wa Sarki magana, ashe ubangidansa ya riga ni shiga fada."

"Kai kaɗai ka gani?"

"Da yarana biyu, Malam. Sun ga fuskarsa kamar yadda nake ganin taka. Amma in suka buɗe baki yau, gobe ai su ma an tuhume su. Sai dai a nan, ranar shari'a, gaban jama'a, inda za a sa Galadima ya dafa Alƙur'ani."

Alƙali ya ɗaga kai ya dubi rassan, ganye ya yi luf, kore shar. Ya ce, "Wata ya kusa mutuwa. Ka bi inuwa, kada barci ya ɗauke ka a gefenta. In Allah ya kai mu tsayuwar wata, ni zan zauna a nan in saurare ka."

Daga nan ya wuce fada ya nemi ganin Sarki shi kaɗai, ya kwashe duk abin da ya ji ya faɗa masa. Sarki ya firgita, ya tashi ya zauna, ya ce lallai a bincika. Alƙali ya koma gida da ɗan sanyi a ransa. Da la'asar Galadima ya shiga wurin Sarki, kuma ba sai an faɗa wa mai karatu yadda aka kwashe ba. Washegari Sarki ya aiko wa Alƙali cewa maganar mai laifi ce, wanda ya ga mutuwa kowa ma zai iya lanƙaya wa sharri.

Haka Anaruwa ya zauna a filin. Da safe yana yamma da kuka, da yamma ya koma gabas, dogarai na zagayawa tare da shi, suna zaune a rana suna zufa. Magajiya Delu, gwaggon Sarki, wadda kula da kukar ke hannunta bisa al'ada, ita ke aiko masa da ɗan kunu da ruwa. Mutumin da ya saba tsayuwa a kan ganuwa yana hango duniya, ga shi an bar shi da kewaya gindin itace kamar akuyar da aka ɗaure. Daga inda yake yana jin ƙahon ƙofar gabas, ya san wane ne cikin yaransa ke busawa, amma ba shi da ikon taka ko ina.

Galadima kuwa ya ga wata na ƙarewa. Ya san ba zai iya cewa a keta rantsuwar kakanni ba, ko Sarki Tunau ba zai yarda da wannan ba. Sai ya nemi a tara majalisa a kan maganar yunwa.

Aka taru, aka yi gaisuwa, kowa ya zauna a mazauninsa. Sarakunan yaƙi suka faɗi halin da ake ciki, rumbunan fada sun kusa kaiwa ƙasa, yara a unguwanni na cin tafasa ba gishiri. Kowa ya kawo abin da ya gani, Galadima na sauraro ya sunkuyar da kai. Da aka yi shiru sai ya gyara zama.

Ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, Allah ya ba ka nasara a kan maƙiya. Talakawanka na mutuwa, abinci kuwa na rataye bisa kawunansu. Akwai kukoki a cikin birnin nan, wasu a gidajen masu hali, sun katange su, maƙwabta na kallo. Ina roƙon Zaki ya yi doka, duk kukar da ke cikin ganuwa ta zama ta jama'a. A sassare rassa a sauke, mata su tsige ganye a raba unguwa-unguwa, ɓawon kuma a murɗa igiya, don mayaƙa na kukan igiya. Kada a bar ta kowa, ko ta gidana, ko ta gidan Sarki. Dokar da ta tsallake wani ba doka ba ce."

Majalisa ta ɗauka da "Gaskiya ne, Galadima." Maganar ta yi daɗin ji, wa zai ce a bar yara da yunwa? Alƙali Ukashatu kuwa ya hango inda aka dosa.

Ya ce, "Allah ya taimaki Sarki, doka ce mai kyau, ina goyon baya. Sai dai a ambata a cikinta cewa ban da Kukar Tsari."

Galadima ya juyo a hankali, da murmushi. Ya ce, "Allah gafarta Malam, ashe akwai wata kuka da ganyenta ya fi ran ɗan talaka? Ita ce mafi girma a birni, ita kaɗai za ta ciyar da unguwa uku. Ni ban ce a kama kowa a cikin inuwa ba, Allah ya tsare ni. Malam ya fi ni sani, sai ya gaya wa majalisa. Kakanni sun rantse a kan inuwa ne, ko a kan ganye?"

Aka zuba wa Alƙali ido. Ya san amsar, kowa ma ya sani, kuma bai taɓa yin ƙarya a kan shari'a ba. Ya ce, "A kan inuwa suka rantse. Amma wanda ya sare reshe ya san abin da yake sarewa. Zaki, akwai mutum a gindin itacen nan da aka yi wa alkawarin shari'a. In an aske ta, rana za ta same shi, dokar yaƙi ta cinye shi ba a ji ta bakinsa ba. A jinkirta wannan kuka ɗaya har wata ya tsaya. Kwanakin ba su da yawa."

Galadima ya ce, "Dokar yaƙin da Malam da kansa ya sa wa albarka? A lokacin ba mu ji ya ce tana cin mutane ba."

Alƙali ya sunkuyar da kai. Kunya ta rufe shi, don gaskiya aka faɗa masa, ko da yake bakin da ya faɗa ba don Allah ya faɗa ba.

Sai Magajiya Delu ta yi magana daga inda take zaune a gefen Sarki. Tsohuwa ce ƙwarai, muryarta na rawa, amma ba ta tauna magana. Ta ce, "Zaki, a gaban jama'a kai Sarki ne, amma ni na yi maka wankan jego tare da uwarka, saboda haka ka saurare ni. Sarakuna nawa suka ga yunwa a garin nan? An ci fara, an ci dusa, babu wanda ya ɗora gatari a kan itacen can. Ba don ba su san ana miya da ganyenta ba. Sun bar ta ne don kowa na iya wayar gari yana bukatarta, mai rawani da mara rawani. Ka bar wa garinka wuri ɗaya da mutum zai tsaya a saurare shi."

Idon Sarki Tunau ya kawo ruwa. Da a nan aka tashi, da Anaruwa ya ga sabon wata. Amma Galadima ya matso gaba, ya faɗi ya yi gaisuwa.

Ya ce, "Allah ya ƙara wa Magajiya lafiya, ta faɗi abin da ya dace da uwa. Ni bawa ne, abin da na gani nake faɗa. Gobe in aka sare kukar talaka aka bar wadda ke ƙofar fada, me za a ce a unguwanni? Za a ce Sarki ya ƙwace wa marayu miya, ya bar wa maci amana rumfa. Mutanen da ke jin haka su ne ke tsare mana ganuwa. Iyakar abin da zan ce ke nan, hukunci na Zaki ne."

Sarki ya dubi gwaggonsa, ya dubi Alƙali, ya kawar da kai. Ya ce, "A yi dokar. Kada a bar ko ɗaya."

Mai shela ya zaga gari da yamma. Mutane suka yi ta sa wa Sarki albarka, kuma ba za a ga laifinsu ba, wanda ɗansa ke kuka da yunwa ba ya tambayar daga wace bishiya aka tsigo ganye.

Washegari tun da sassafe masu gatari suka hau Kukar Tsari. Da farko sun yi ta noƙewa, sai da Galadima ya aiko bayinsa suka fara. Rassa suka riƙa faɗowa da ƙara, mata na ja gefe suna tsiga, wasu na kuka suna tsigar. Anaruwa na tsaye yana matsawa daga nan zuwa can, kada reshe ya danne shi, kada kuma ya fita rana. Kafin walaha kukar ta koma dungu, ƙaton kututture tsirara. Inuwar da ta rage ta gangar jikin ce kawai, ta miƙe yamma, tana gajarcewa.

A wannan lokaci na damina rana kan tsaya daidai tsakar ka, har mutum ya nemi inuwarsa ya rasa. Kowa a filin ya san haka. Aka kirawo Alƙali, don aikinsa ne ya duba ƙasa. Ya zo yana jan ƙafa, yana ɗaga kai sama ko zai ga hadari. Kwana da kwanaki ana ruwa, amma ranar sama ta yi fes, ko gajimare babu, sai ungulaye da ke shawagi bisa fada. Tsofaffi suka ga haka suka yi ta girgiza kai.

Anaruwa ya manna bayansa da kututture, ya ja ƙafafunsa ciki. Magajiya Delu ta sa aka riƙo ta, ta zo ta ware mayafinta a kansa. Sarkin Dogarai ya durƙusa ya ce, "Ranki ya daɗe, ki yi mini rai. Inuwar kuka aka ce." Ta tsaya a wurin duk da haka, har hannuwanta suka gaji suka sauka da kansu.

Alƙali ya matso kusa, ya yi ƙasa da murya. Ya ce, "Sarkin Baka, na kasa. Na yi maka alkawari na kasa cikawa. Ka yafe mini."

Anaruwa ya ce, "Malam, ba kai ka hau da gatari ba. Abu ɗaya nake roƙo, ka gaya wa Sarki kada ya yarda a ɗauke yarana daga ƙofar gabas, ko wa ya ce a ɗauke su." Ya dubi ƙafarsa, haske ya fara cin babban yatsansa. Ya ga Alƙali ya kawar da ido yana kallon wani wuri. Ya ce, "Faɗi mana, Malam. Kowa na gani. Kada ka fara ƙarya a kaina da tsufanka."

Alƙali Ukashatu ya mai da idonsa kan ƙafar. Ya ce, "Rana ta taɓa shi."

Dogarai suka kama shi, ba da wulaƙanci ba, don da yawansu sun yi yaƙi a bayansa. Kafin azahar hauni ya gama aikinsa a bayan kasuwa. A daren nan an sha miyar kuka a kowane gida a Dargai, ban da gidan Alƙali da na Magajiya.

Alƙali ya kai saƙon mamacin fada kamar yadda aka roƙe shi. Sarki ya ce ya ji, kuma Alƙali ya ga alama maganar ta shige shi. Amma ba a jima ba Galadima ya nuna masa cewa 'yan bakan Anaruwa na cike da haushi, barin ƙofa a hannunsu ganganci ne. Aka kwashe su aka kai ƙofar yamma, inda babu komai sai fadama, aka sa mutanen Galadima a gabas. Da Alƙali ya ji, ya zauna a zaurensa ya kasa ko buɗe littafi. Ya ga abin da ke tafe sarai, ga shi babu ƙofar fita daga birni, babu kuma kunnen da zai kai wa magana.

Ranar da aka sa ran tsayuwar wata, wato ranar da da za a yi shari'ar, gari na wayewa aka ji tamburan Rambawa ta yamma. Suka taso da tsani da kururuwa ta cikin fadama, 'yan bakan Anaruwa suka yi musu ruwan kibiya, suka zubar da na gaba, na baya suka ja. Sarki ya tura duk sauran mayaƙa can, har ana murna an ce Rambawa sun karye. Ashe wasa ne. Hantsi na ɗagawa wani manzo ya shigo fada a guje, jini na zuba a kafaɗarsa, ya faɗi gaban Sarki ko gaisuwa bai yi ba.

Ya ce, "Zaki, an buɗe ƙofar gabas! Ba fasa ta aka yi ba, daga ciki aka zare sakata. Rambawa sun cika Unguwar Maƙera!"

Sarki ya miƙe ya ce, "Ina Galadima? A kira mini Galadima!"

Manzon ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri, shi ya tarye su a bakin ƙofa."

Aka yi ɗauki ba daɗi a lunguna. Mayaƙan da ke yamma suka juyo, suka tarar an riga an raba su da fada. Dogarai suka tsaya a ƙofar fada suka yi iyakar yinsu, aka kashe na kashewa, sauran suka watse. Wuta ta kama rumfunan kasuwa. Fadawan da jiya ke cewa gaskiya ne, kowa ya tuɓe rawani ya nemi gidan da zai ɓuya. Sarki Tunau ya duba dama da hagu bai ga kowa ba sai gwaggonsa.

Ta ce, "Ɗana, Cindo jikan mai rantsuwa ne kamar kai. Wuri ɗaya ne ba zai taɓa ka ba."

Ya gane abin da take nufi, ya fita ta ƙaramar ƙofa da gudu, alkyabba na harɗe masa ƙafa. Sai da ya iso filin ya ɗaga kai, kamar ya manta an aske kukar. Kututture ne tsaye, da ɗan guntun inuwa ta yamma, bai fi tabarma ba. Ya shiga ya tsaya a ciki.

A nan Sarkin Rambai ya same shi. Cindo dattijo ne mai furfura, ba mai yawan magana ba. Ya ɗaga hannu, mayaƙansa suka tsaya a bakin inuwar, babu wanda ya ƙetara. A bayansa ga Galadima Barmo, an riga an buɗa masa laimar sarautar Dargai, wani bawa na riƙe da ita a kansa. Cindo ya daɗe yana kallon kukar.

Ya ce, "Tun ina yaro ake ba ni labarin itacen nan. An ce mini mahayi kan yi sukuwa a inuwarta. Wa ya yi mata haka?"

Galadima ya ce a yi sauri a gama, kada mutanen yamma su sake haɗuwa. Cindo bai ko waiwaye shi ba. Ya ce, "Kakana ya rantse a nan. Muddin ƙafarsa na cikin inuwa, ba mai taɓa shi, sai wata ya tsaya a yi masa shari'a a fili, in ji abin da zai faɗa, in ji abin da wasu za su faɗa. A nemo mini alƙalin garin, shi ke duba ƙasa."

Fuskar Galadima ta canza, ya ɗaga kai ya dubi rana, sannan hankalinsa ya kwanta.

Aka zo da Malam Ukashatu. Cindo ya sa aka shimfiɗa masa buzu, shi ma ya zauna a ƙasa, ya ce ba ya gaggawa. Fili ya cika da mayaƙa da mutanen gari, amma tsit kake ji, sai ƙarar wutar kasuwa. Can gabas hadari ya fara haɗowa, baƙi ƙirin, iska mai sanyi ta ɗan taso. Sarki Tunau ya ƙura masa ido yana motsa baki. Alƙali ma shi yake kallo, yana roƙon Allah a zuci, don duk abin da Tunau ya yi, ba ya so ya sake faɗin kalmar nan. In hadarin ya rufe rana, an tsira har faɗuwarta, da yamma kuwa wata zai tsaya.

Hadarin na tafe a hankali, inuwa na janyewa. Ta bar gefen alkyabba, Sarki ya tattare ta. Ta kai kan takalmi, ya tuɓe su ya jefar, ya manna bayansa da kututture, daidai inda bayan Anaruwa ya goge ɓawon.

Ya ce, "Malam, ka duba, hadari ya kusa. Ka ɗan jira. Kwana nawa ka roƙe ni in jira, na sani, amma kai ka fi ni. Ka ɗan jira, don Allah."

Alƙali ya dubi gabas, hadarin bai ko kai bisa ganuwa ba. Ya dubi ƙasa. Dubban idanu na kallon abin da yake kallo. Hawaye ya gangaro masa cikin gemu, ya dogara sanda ya miƙe tsaye, don ba a yi wa Sarki magana irin wannan a zaune.

Ya ce, "Allah ya ja zamaninka, rana ta taɓa ka."